Zuwan Ɗab'i Ƙasar Ƙonni a Zamanin Nasara

Kafin zuwan Nasara, duk littafin da ke ƙasar Ƙonni hannu ne ya rubuta shi. Almajiri yakan ari Ishiriniya ko Risala wurin malaminsa, ya fere alƙalamin gamba, ya dafa tawada, ya kwashe watanni yana kwafa a kan takarda mai tambarin wata uku, wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus. Littafi dukiya ne da ake rabawa a gado, kuma malamin fada shi ne mai rubuta wasiƙar sarki da Larabci.

A shekarar 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, aka yi ɓarnar da har yau ba a manta ba. A 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Daga nan iyaka ta ratsa tsakanin ƴan'uwa, Tsarnawa da Ƙonni suka faɗa hannun Faransa. Wannan iyaka ita ce ta sa ɗab'i ya shigo ƙasar nan ta ƙofa biyu.

Ƙofar farko ita ce bariki. Bugaggiyar takardar da talaka ya fara riƙewa ba ta karatu ba ce: takardar lanho ce, da lasefase na tafiya, da sammacin kumandan, duk da Faransanci. Mutum ya adana ta cikin layar fata ko ƙarƙashin hula, bai san abin da ta ƙunsa ba, ya dai san rashinta na iya kai shi gidan kaso. A 1911 gwamna janar William Ponty ya hana amfani da Larabci a shari'a da wasiƙun mulki. Da wannan umarni alƙalamin malamin fada ya rage daraja a idon hukuma, tafinta da ɗan lakwal suka matso gaba. Sarki kansa, wanda aka ɗora wa tara lanho bisa ƙidayar da ke cikin rajista, sai ya jira wani ya karanta masa adadin talakawansa. In an yi kuskure a rajista, mamaci ma yakan ci gaba da biya, domin kumandan ya fi gaskata takarda da bakin dattijo. A lakwal kuwa Faransanci kaɗai aka yarda da shi, shi ya sa hukuma ba ta damu da buga littafin Hausa ba.

Ƙofa ta biyu ita ce kasuwa, daga kudu. A Zariya, Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar rubutu a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito. Bokon Zariya baƙo ne ga wanda ya koyi harufa a lakwal, amma harshen nasa ne, kuma mai karatu guda ya ishi dandali. Ƴan mishan na SIM, waɗanda suka buɗe asibitin Galmi a 1950, su ma da littattafan Hausa suke aiki.

Abin da ya fi shiga zaure, duk da haka, shi ne littattafan addini bugun Misira da na Kano. Ahalari da Ishmawi suka yi arha, almajirin da a da sai ya kwafa yanzu sai ya saya. Malamai ba su karɓa da hannu biyu ba. Idonsu ya saba da rubutun Magaribi da ƙira'ar Warshu, harufan gabas kuwa sirara ne. Sai masu ɗab'i a Kano suka koma ɗaukar hoton rubutun gwanaye irin su Sharu Bala Gabari suna bugawa, inji ya bi hannu. Faransa kuma ta sa ido ƙwarai kan littattafan Larabci masu shigowa, tana tsoron abin da za su ɗauko daga gabas.

Sai bayan 1946, da aka soke aikin tilas aka kafa jam'iyyu, bugaggiyar takarda ta fara neman yardar talaka. Da dokar 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, manomin da bai taɓa shiga lakwal ba ya iya rarrabe giwar RDA da raƙumin Sawaba.