Kuloci: Tarihin Mai Shiga Tsakanin Inji da Taya

Jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 ba shi da kuloci, domin injin tururi yana iya tura ƙafafunsa daga tsaye cik da zarar an buɗe wa tururin hanya. Sai dai dogo bai ratsa ƙasar Gwarzo da Kabo ba. Gyaɗa da audugar garuruwa irin su Madadi a bayan jakuna suka riƙa zuwa birni, har lokacin da manyan motoci suka karɓi aikin. Su kuwa motocin sun zo da wata matsala da jirgi bai san ta ba.

Injin fetur ko na dizal ba ya ba da ƙarfi sai yana juyawa, sau ɗaruruwa a minti ɗaya ko da mota na tsaye. In aka haɗa shi kai tsaye da tayar da ba ta motsi, nan take zai mutu. Saboda haka aka sa kuloci tsakanin inji da giya. Faifai ne mai kaushi wanda sifirin ke matsewa a jikin wani ƙarfe mai nauyi da injin ke juyawa. Idan direba ya taka, matsin ya saki, inji ya rabu da giya. Idan ya ɗaga ƙafa sannu a hankali, faifan ya fara gogar ƙarfen yana zamewa, har gudunsu ya daidaita, mota ta tashi.

Wannan jeri na inji a gaba, kuloci, giya, sannan tayoyin baya, kamfanin Panhard et Levassor na Faransa ne ya shahara da shi tun 1891. Kulocin farko da fata ake lulluɓe shi, yana saurin ƙonewa, yana kuma fizgar mota. A 1928 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da giyar da ke daidaita gudun haƙoranta da kanta, amma manyan motocin kaya sun daɗe ba su samu wannan sauƙi ba: sai direba ya taka kuloci sau biyu kafin giya ta shiga, yana auna lokacin da kunnensa.

Daga nan darajar direba a ƙasar Hausa ta samo asali. Karen mota yakan shafe shekaru yana wanki da lodi, yana tokare taya da guntun katako a kan tudu, kafin maigidansa ya yarda ƙafarsa ta hau kuloci. Tayar da mota maƙare da buhuna a hanyar burji da damina, ba tare da ƙona faifai ba, shi ne jarrabawar gaske.

Da aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, ƙirar 504 da a-kori-kura suka cika hanyar Kano zuwa Gwarzo da Dayi. Kulocinsu abu ne da bakanike zai sauke a gindin bishiya, ya sayo sabon faifai a Ƙofar Ruwa, ya mayar a yini guda. Kusan kowane gari ya samu masu cin abinci da wannan sana'a.

Amma tun 1939 kamfanin General Motors ya gabatar da giya mai canza kanta, kuma a 1958 Honda ta fito da babur mai kulocin da ke kama kansa idan inji ya ƙara gudu, kakan roba-roban da ke yawo a ƙauyuka yau. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta gagari talaka, 'yan Kwatano suka maye gurbinta, kuma sannu a hankali masu giyar otomatik suka yawaita. Gyaransu yana bukatar kwamfuta da ƙwararre, waɗanda galibi sai a birni.

Mota mai lantarki kuwa, kamar jirgin 1911, tana tashi daga tsaye ba tare da kuloci ba. Manomin Madadi da ke kai hatsi kasuwar Getso ya dogara ne da motar da za a iya gyarawa kusa da gida. Matuƙar ba a koya wa bakaniken karkara aikin sababbin motocin ba, kowace lalacewa za ta zama tafiya zuwa Kano, kuma kuɗin tafiyar a kan buhun hatsi zai faɗa.