Zanen da aka ciro daga wuta a 1650

'Yan uwa ɗalibai, a ɗan ajiye zancen kuɗin makaranta da matsalar wutar lantarki, mu leƙa ƙasar Sin.

Sinawa na kiran zanen shimfiɗar ƙasa shan shui, wato dutse da ruwa. Da alƙalamin gashin da suke rubutu suke yin sa, da baƙar tawada a kan siliki ko takarda. Ku nemi aikin Fan Kuan na wajajen shekarar 1000, zamanin daular Song. Tsayinsa ya haura mita biyu, dutse ya cinye mafi yawan filin, matafiya da dabbobinsu kuwa suna can ƙasa, sai ka ƙura ido kafin ka gan su. Mai zanen ma ɓoye sunansa ya yi cikin ganyayyaki, ba a gano ba sai 1958.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne zanen duwatsun Fuchun, da Huang Gongwang ya yi wajajen 1350 yana da shekara tamanin da 'yan kai. A 1650 attajirin da ya mallake shi, Wu Hongyu, yana kan gadon ajali ya ce a ƙone shi ya tafi da abinsa. Son kai ke nan fa! Wani ɗan ɗan'uwansa ne ya fizgo shi daga wutar, amma ya riga ya rabu biyu. Guntun yana Hangzhou, dogon yana Taipei, ba a sake haɗa su wuri guda ba sai a 2011.

To, ƙarni na 20 ya kusa gamawa da wannan sana'a. Wajajen 1919 Chen Duxiu ya caccaki tsofaffin malaman zane, yana ganin kwaikwayon magabata kawai suka iya. Bayan 1949 kuma aka ɗauke ta kayan masu hannu da shuni. Masu zane ba su ajiye alƙalami ba, sauya wa dutsen riga suka yi. A 1959 Fu Baoshi da Guan Shanyue suka zana wani ƙato, da jar rana a sama, aka kafa a babban zauren taron jama'a na Beijing. Li Keran kuwa ja-wur ya mayar da duwatsunsa. Wasu na cewa fadanci ne ga gwamnati, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ni dai ina ganin ba don hakan ba, da wuya a ci gaba da koyar da ita a makarantu.

Yanzu ga Yang Yongliang, ɗan Shanghai, haihuwar 1980. Daga nesa ka rantse zanen zamanin Song ne, har da hazo. Matso kusa ka ga duwatsun nan hotunan dogayen benaye ne da ya ɗauka ya jera da kwamfuta, bishiyoyin kuma injinan ɗaga kayan gini ne da turakun lantarki.