Tarihin Yadda Kwamfuta Ke Tashi Daga Faifai

Bahaushe ya ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. To, kwamfuta idan aka kunna ta, ƙwaƙwalwar aikinta fayau take. Babbar manhajar da za ta gudanar da ita tana kan faifai, alhali karanta faifan ma sai da umarni. Abin da nake so in bi tarihinsa shi ne yadda aka warware wannan ƙulli.

Da fari aikin hannu ne. Masu na'urar Altair 8800 ta 1975 sai sun yi ta ɗaga makunnai suna saukewa, su shigar da umarnin farko ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan na'urar ta iya janyo sauran daga zaren takarda mai huji-huji. Kuskure guda ya isa ya ɓata aikin.

Kamfanin IBM na Amurka ya fito da faifan fulofi mai inci 8 a 1971, amma shekarar da na fi ba muhimmanci ita ce 1981, da ya fito da IBM PC. An dasa mata ɗan umarni na dindindin, watau BIOS. Da an kunna ta, sai BIOS ya leƙa gurbin faifai, ya kwaso bayit 512 na farko, ya zuba a ƙwaƙwalwa, ya miƙa musu ragama. Su kuma su janyo DOS. Bayit 512 fa, ko rabin wannan maƙala ba za su ɗauka ba!

A ganina wuyar al'amarin a nan take: BIOS ba ya tambayar wanda ya rubuta abin da ya kwaso. Kowa na iya zura faifansa ya tada manhajar da ya ga dama, 'yanci ke nan. Ta wannan ƙofa kuwa cutar Brain ta shigo a 1986. Wasu 'yan'uwa biyu ne a Lahor ta Pakistan, Basit da Amjad Alvi, suka rubuta ta. Takan maƙale a farkon fulofi, in aka tada na'ura da shi sai ta harbi sauran fayafayan da aka zura.

Ƙa'idar El Torito ta 1995 ta ba da damar tashi daga faifan CD, daga bisani filashi ya karɓe. Sai a 2012, tare da Windows 8, tsarin Secure Boot ya bazu, inda na'ura ke duba sa hannun manhaja kafin ta yarda da ita. Masu Linux sun yi ta ƙorafi a lokacin, don kuwa makullin da galibin na'urori ke zuwa da shi na Microsoft ne.