Ƙurar da Ke Haske Kusa da Kaza da 'Ya'yanta

A shekarar 1859, masanin taurari Wilhelm Tempel yana birnin Venis ya hango wani hazo-hazo kusa da Merope, ɗaya daga cikin taurarin Kaza da 'Ya'yanta. Masana da dama suka ƙi yarda, suka ce ƙyallin tauraron ne ya ruɗi idonsa. Ba a ga laifinsu ba, domin hazon ba shi da kauri, har manyan maduban hangen nesa sun sha kasa nuna shi. Hotunan da aka ɗauka a Paris a 1885 ne suka kashe gardamar.

A ganina, aikin da ya fi nauyi shi ne na wani masanin taurari, Vesto Slipher, a Arizona, a 1912. Ya rarrabe hasken hazon, ya tarar iri ɗaya ne da na taurarin. Ke nan ƙura ce mai aron haske, kuma shuɗiya ce saboda ƙananan ƙwayoyinta sun fi watsa shuɗin haske fiye da ja. Wani zai ce ai ragowar ƙurar da ta haifi taurarin ce, kamar yadda aka daɗe ana zato. Amma shekarunsu kusan miliyan 100 sun isa haskensu ya kore ta tuni. Ratsawa kawai suke yi ta cikin wani gajimaren ƙura daban.