Tarihin girgizar sitiyari a motocin shiga daji

Jama'a, yau mun ɗan ajiye waya, mun leƙa gareji.

Kana gudu da Land Cruiser a hanyar Kafin Hausa zuwa Haɗeja, ka taka rami, sai sitiyari ya kama kakkarwa kamar zai fizge daga hannunka, ba ya dainawa sai ka rage gudu sosai. Amurkawa na kiranta "girgizar mutuwa".

Asalinta tsohon gini ne. Jeep ɗin sojan Amurka ta 1941 an yi ta da aksul ɗaya miƙaƙƙe da ya haɗa tayoyin gaba biyu, don ta jure daji. Toyota ta bi wannan tsari a 1951, har yau Land Cruiser 70 da ta fito a 1984 haka take. Ƙarfi akwai, amma duk abin da ya bugi taya ɗaya, ɗayar ma ta ji.

A 2019, bayan ƙorafi ya yi yawa, kamfanin Jeep ya canza wa masu sabuwar Wrangler shokozoban sitiyari kyauta. A ganina wannan kamar canza batir ne alhali wajen caji ne ya lalace: yana rufe girgizar, ba ya ɗaure abin da ya saki.

Gwajin da bakanike ke yi ba wuya. Mota na tsaye a ƙasa, wani ya riƙa juya sitiyari hagu da dama, shi kuma ya leƙa ƙasa ya ga inda ke wasa: tayarod, bushin, ko sandar da ke riƙe aksul da jikin mota. In kuwa 'yar rawa ce a wani gudu kawai, ba tare da taka rami ba, fara da balansin taya.