Daga Amanar Mai Gida zuwa Takardar Aiki: Tarihin Ƙwadago a Zangon Kumasi

A cikin ƙararrakin da ake kawowa zauren dattijon da nake yi wa rubutu a nan Bantama, in aka cire rigimar gado da ta aure, babu wadda ta kai ta mai gida da yaronsa yawa. Kusan kullum tambayar farko ita ce ke kashe bakin kowa: a kan me kuka yi da shi, kuma ina shaida? Sai a yi tsit. Wannan shirun yana da tarihi.

Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo su Gwanja. Ayari yana da madugu, yana da jaji, yana da 'yan alaro masu ɗaukar kaya a ka, kuma ba za mu ɓoye ba, da yawa daga cikin masu ɗaukar nan bayi ne. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kasuwar ta watse, fatake suka bazu zuwa Karachi da Yeji, daga baya kuma Kumasi, musamman da Turawa suka kama Sarkin Tonawa Prempeh a 1896, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903. A nan tsarin mai gida ya kafu. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa dukiya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi bashi, ya ci la'adarsa. Yaransa kuwa ba su da albashin wata. Ci da sha da tufafin salla da wurin kwana suna kansa; in yaro ya isa aure ya yi masa, in ya daɗe yana hidima ya yanka masa jari ya sallame shi.

Ban raina wannan tsari ba, domin ya tayar da attajirai daga mutanen da suka sauka garin nan ba su da ko tabarma. Amma ƙarfinsa duka yana rataye ne a kan abu biyu: mai gida yana raye, kuma yana jin kunyar jama'a. Abin mamaki shi ne malaman da ke zaune a zaurukan nan sun karanta babin ijara a Risala da Muhtasar, sun san cewa a mazhabar Malikiyya sai an san lada an san aiki ko wa'adi kafin ɗaukar ma'aikaci ya inganta. An yi amfani da wannan ga magini da ɗan dako, amma aka tsallake yaron gida, wai shi ɗa ne, ba a ciniki da ɗa.

Dokar Bature ta farko a kan ƙwadago ba don kare lebura aka yi ta ba. Bayan an soke bauta a yankin bakin teku a 1874, sai aka kafa dokar ubangida da bara a 1877, wadda ta mai da gudun ma'aikaci daga aiki laifin da ake iya ɗaure mutum a kansa. A ƙasar Asante kuwa sai 1908 aka haramta bauta. A shekarun da suka biyo baya gwamnati ta riƙa matsa wa sarakunan arewa su turo samari aikin haƙar zinariya da shimfiɗa hanya. Sauran suka zo da ƙafarsu, Mosawa da Zabarmawa da Farafara da Hausawa, suka shiga gonakin koko a kan tsarin abusa, wato mai kula da gona ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na amfani. Mafi yawansu a zango suke fara sauka, mai gida ne ke haɗa su da mai gona, da baki kawai. Sashen Ƙwadago na gwamnati bai samu ba sai 1938, dokar da ta halatta ƙungiyoyin ma'aikata ta zo a 1941, babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa kuma a 1945. Waɗannan duk sun amfani ma'aikacin jirgin ƙasa da na ma'adinan Obuasi. Yaron shago a zango bai ma ji labarinsu ba.

Ranar da zango ya san darajar takarda ita ce 18 ga Nuwamba 1969, da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya samu ko ya fita. Dattawanmu har yau in suka tuna sai muryarsu ta canza. Mutumin da ya shekara ashirin yana kula da gonar koko ya tafi bai karɓi kasonsa ba, domin ba shi da abin nunawa. Mai gida ya bar shago a hannun yaro bisa amana, wani ya riƙe, wani ya cinye. A 1970 wata doka ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, sai wasu suka koma ma'aikata a shagunan da su suka kafa su, da sunan wani a kan lasisi.

Yau dokar da ke aiki ita ce Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, kuma nauyinta a kan mai ɗaukar aiki yake, saɓanin ta 1877. Wanda za ka riƙe wata shida ko fiye, dole a rubuta yarjejeniya. Wanda ka kira na wucin gadi, in ya yi wata shida a jere a hannunka, doka tana kallonsa a matsayin na dindindin. Awa takwas a yini, arba'in a mako. Hutun shekara kwana 15 na aiki da cikakken albashi, kuma ko ma'aikaci ya yarda ya yafe shi, yafewar ba ta da ƙarfi a doka. Mai jego tana da aƙalla mako 12. Sallama tana buƙatar sanarwar mako biyu in yarjejeniyar ba ta kai shekara uku ba, wata guda in ta kai, ko a biya kuɗin kwanakin. Dokar fansho ta 2008 ta ɗora wa mai gida kashi 13 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 5.5. Dokar yara ta 1998 ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aiki da koyon sana'a, abin da ya shafi masu garejin Suwame kai tsaye, da masu ɗora wa 'yan matan kayaye kaya a Kejetia. Wanda aka zalunta yana iya kai ƙara Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, kuma can ba a tambayar ko mai gida mutumin kirki ne a unguwa.

Wasu iyayen gida suna ce mini takarda rashin yarda ce, tana kashe zumunci. Nakan tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarnin rubuta bashi ce tsakanin muminai, kuma alkawarin jari bashi ne.

Kwanakin baya wani magidanci ya zo zaure. Shekara goma sha ɗaya ya yi a shagon wani attajiri, ba albashi, bisa alkawarin za a buɗe masa nasa. Attajirin ya rasu, Allah Ya jiƙansa, 'ya'yansa suka ce ba su san zancen ba, kuma ban ga alamar ƙarya suke yi ba. Mutum biyu da aka yi maganar a gabansu, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗaya ya koma Sakkwato. Zama uku aka yi kafin magada suka amince su ba shi wani abu, da sunan kyauta, ba haƙƙi ba. Ni na rubuta takardar sulhun, kuma ita ce takarda ta farko da sunansa ya taɓa hawa a kanta game da shagon nan.