Shan Taba da Tayirod

Tayirod wata 'yar gaɓa ce a gaban wuya wadda ke samar da sinadaran T3 da T4, masu daidaita yadda jiki ke sarrafa abinci. Hayaƙin taba na ɗauke da sayanid, wanda jiki ke mayarwa tayosayanet. Shi kuwa wannan sinadari yana hana tayirod ɗaukar aidin, don haka maƙoƙo ya fi yawa ga mashaya taba a yankunan da aidin ya yi ƙaranci.

A jinin mashaya, TSH, sinadarin da ke umartar tayirod ta yi aiki, kan ɗan ragu, T3 da T4 su ɗan ƙaru. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cutar Graves, mai sa tayirod yin aiki fiye da kima: taba na ƙara haɗarin kamuwa da ita, tana tsananta fitowar idanu waje da cutar ke jawowa, har magani ya kasa yin tasiri sosai.